Muhawara: Shin a bar saƙo ya riga kumbo isa a Lardin Bakin Suraya?

MaiJanLabari_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya raba kan mutanen teburinmu na ranar Asabar a Kawo. Muna yin wasan labari (wanda ake zama a tebur, mutum ɗaya yana jan labarin, sauran kuma kowa yana taka rawar jaruminsa) na sararin samaniya bisa ƙa'idojin Traveller, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1977, amma lardin da muke wasa a cikinsa ni na ƙirƙiro shi, na sa masa suna Lardin Bakin Suraya. Taswirarsa gida 80 ce masu kusurwa shida, takwas a faɗi goma a tsawo, kowane gida fasek ɗaya, wato tafiyar haske ta shekara 3.26, kuma taurari 37 na zuba a ciki, kowanne da duniyoyin da ke kewaya shi. Fadar mulki tana Gamzaki, duniya mafi nisa kuma ita ce Zangon Ƙarshe, fasek tara tsakaninsu, akwai kuma wani fili da babu tauraro ko ɗaya a tsakiya wanda muke kira Giɓin Maraya.

A ƙa'idar wasan, kumbo yana yin tsalle ɗaya a cikin kimanin mako guda, ko fasek ɗaya ya tsallake ko shida, kuma babu saƙon da ke wuce kumbo sauri. Ma'ana, kumbon 'yan aike mai tsallen fasek uku zai ci mako uku kafin ya kai takardar Gamzaki zuwa Zangon Ƙarshe, amsa kuma ta ci wasu ukun. Biyu daga cikin 'yan wasanmu sun ce wannan yana kashe musu daɗin labari, suna so in ƙirƙiro wata na'ura da za a yi magana da ita nan take daga tauraro zuwa tauraro. Ni kuwa ra'ayina shi ne jinkirin saƙon nan shi ne ƙashin bayan lardin, idan aka cire shi sauran ginin ba zai tsaya ba. Ina so in ji daga waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar.

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Idan da saƙon rediyo za a aika daga Gamzaki, wanda yake tafiya da saurin haske, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, zai shafe fiye da shekara 29 kafin ya ratsa fasek taran nan. Ko a zahiri, saƙo tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 gwargwadon inda kowacce take, kumbon Voyager 1 kuma da aka harba a 1977 saƙonsa yana cin fiye da sa'a 22 kafin ya iso gare mu. Tsallen kumbo shi ne ƙarya guda ɗaya da wasan ya roƙi mu yarda da ita domin labari ya yiwu, kuma ina ganin bai kamata a ƙara ta biyu ba sai da dalili mai ƙarfi.

Hafsat_Malali:
Ni ina cikin masu ganin 'yan wasanka suna da hujja, kuma ina so a saurare su da kyau kafin a yanke hukunci. Mutum ya bar hidimarsa ya zo ya zauna sa'a uku ko huɗu a tebur, abin da yake nema shi ne ya ga aikin da jaruminsa ya yi ya haifar da wani abu. Idan ya gano makirci a Zangon Ƙarshe, aka ce masa sai bayan mako shida zai ji abin da fada ta ce, to zafin abin ya huce. Injiniya ya kawo hujjar kimiyya, ban musa ba, amma ai wasa muke magana a kai, ba jarrabawar fiziks ba, kuma wanda ya yarda kumbo ya tsallake fasek shida a mako ɗaya ba zai ce na'urar magana ce ta fi ƙarfin hankalinsa ba.

DattijonTudunWada:
'Yata Hafsat, na fahimci abin da kike nufi, amma bari in kawo miki wani abu daga tarihin ƙasarmu, domin lardin da wannan yaro ya zana ya yi kama da duniyar da kakanninmu suka rayu a ciki. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro sukan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su shafe watanni a hanya kafin su kai Salaga, kuma a duk tsawon tafiyar nan babu wanda zai aiko musu da umarni daga gida. Shi ya sa madugu ya zama madugu. Shi ke yanke shawarar inda za a yada zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke raba gardama tsakanin 'yan ayari, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya. Da a ce akwai wayar da attajirin da ya ba da jari zai kira shi kowace safiya, da madugu ya koma yaron aike kawai.

To haka jaruman 'yan wasanku suke. Rashin jin muryar fada shi ne ya ba su girma. Wanda ya gano makircin da kika ambata ba zama zai yi yana jiran amsa ba, dole ne ya yanke shawara da kansa, ya kuma ɗauki nauyin abin da ya biyo baya idan takardar fada ta iso tana cewa ba haka aka so ba. A ganina a nan labari yake da nama.

Hafsat_Malali:
Baba, na gode, kuma misalin madugu ya shige ni. Sai dai ina ƙara cewa hakan yana aiki ne kawai idan mai jan labari ya ba 'yan wasa ikon yanke shawarar da gaske. Idan kowace ƙofa a rufe take har sai izini ya zo daga Gamzaki, to jinkirin ya zama shinge, bai zama 'yanci ba.

Malam_Falaki:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce wa batun saƙo, domin sunan lardin ya ja hankalina. Idan Suraya da kake nufi ita ce tarin taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, to akwai gyara. Tarin nan yana nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 440 daga gare mu, kuma taurarinsa jarirai ne a ma'aunin falaki, shekarunsu wajen miliyan 100, alhali ranarmu ta kai shekara biliyan 4.6. Masu hasken cikinsu shuɗaye ne masu tsananin zafi, kuma duniyar da ke kusa da irinsu ba ta samu lokacin da za ta huce har ta tara iska da ƙasar noma irin tamu ba. Saboda haka idan ka sa duniyoyi masu dazuzzuka da koguna a cikin tarin, duk wanda ya san falaki zai ɗaga gira.

MaiJanLabari_Kawo:
Malam Falaki, ita nake nufi, amma lardin a bakinta yake, ba a cikinta ba, shi ya sa sunan ya zo haka. Mutanen Gamzaki suna ganin Kaza da 'Ya'yanta ta cika kusan rabin samansu da dare, amma ranarsu tsohuwa ce mai ruwan ɗorawa irin tamu. Taurari huɗu kawai na sa a gefen tarin, kuma babu mazauna a cikinsu sai masu haƙar ma'adinai da ke zaune a tasoshi rufaffu.

Malam_Falaki:
To madalla, haka ya zauna daidai. Ina ba ka shawara kuma ka yawaita jajayen ƙananan taurari a cikin 37 ɗin nan, domin su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke cikin gungun da ranarmu take. Dubi jan ƙaramin tauraron da ake kira TRAPPIST-1, wanda aka sanar da duniyoyinsa bakwai a 2017, yana nisan shekarar haske kusan 40. Duniyoyin sun matsu kusa da shi sosai, har ta ciki tana gama zagayenta a kwana ɗaya da rabi, ta waje kuma a kusan kwana 19. Masana suna ganin irin waɗannan duniyoyi fuska ɗaya suke ba wa tauraronsu har abada, gefe guda rana ba ta faɗuwa, gefe guda gari ba ya wayewa, sai wani siririn yanki a tsakani inda kullum kamar almuru ake ciki. Duniya ɗaya irin wannan za ta ba ka labarin wata shida.

Ummu_Sadiq_Kabala:
Wannan duniyar ta almuru ta tayar mini da tambayar da na daɗe ina yi wa masu ƙirƙirar irin waɗannan wurare. Idan mutanen lardin zuriyar Hausawa ne, kamar yadda sunayen suka nuna, yaya suke tsayar da lokutan salla a inda rana ba ta motsi, ina kuma suke fuskanta? Ba ina neman a mayar da tebur majalisar fatawa ba ne, amma al'ummar da aka zana ba tare da an yi tunanin wannan ba za ta fito kamar wasu baƙi ne aka liƙa wa sunayenmu. Abin ma ya taɓa tasowa a zahiri. A 2007, lokacin da ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a cikin watan Ramadan, hukumomin addini na ƙasarsa sun fitar da jagora a kan yadda zai yi ibada, domin tashar tana zagaya duniya kusan sau 16 a kwana ɗaya.

Kuma ga inda wannan ya haɗu da tambayar farko. Idan saƙo yana cin mako uku, to labarin ganin wata ba zai taɓa isa Zangon Ƙarshe a kan lokaci ba. Dole kowace duniya ta kasance da malamanta da lissafinta, kuma dole a samu saɓani tsakanin masu bin lissafin Gamzaki da masu bin nasu. Na'urar magana nan take za ta shafe duk wannan, ta mayar da duniyoyi 37 unguwannin gari ɗaya.

Sani_Rigasa:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi komai gamsar da ni a zaren nan. Ina ƙara cewa a riƙa taka-tsantsan da batun addini a tebur, a tsaya a kan yadda mutane ke rayuwa, kada mai jan labari ya ƙirƙiro hukunci ya sa a bakin malamai.

Bashir_UnguwarRimi:
Ni ɗaya ne daga cikin mutum biyun da Malam ya ambata, saboda haka bari in faɗi namu da bakina. Ba mu ce a ba kowa waya a aljihu ba. Abin da ya faru shi ne, jarumanmu sun kai kayan magani Rijiyar Baƙo, ɗaya daga cikin duniyoyin lardin, muka tarar hakimin wurin ya ƙara kuɗin sauka ninki uku ba da sanin fada ba, muka rubuta ƙara muka ba kumbon 'yan aike, sannan muka shafe zama biyu cur muna ƙananan cinikayya muna jiran amsa. Da amsar ta zo, sai aka ce a kawo shaida. Yaya Hafsat ta riga ta faɗi damuwarmu: ba jinkirin ne ya dame mu ba, zaman jiran ne. Shawarata ita ce a yi na'ura guda biyu tak a duk lardin, ɗaya a Gamzaki ɗaya a wani wuri mai nisa, mai tsadar gaske, wadda ba ta ɗaukar fiye da 'yan kalmomi.

Injiniya_Barnawa:
Malam Bashir, na'ura biyun nan za su fi dubu illa. Duk wanda ke riƙe da su ya san farashin kaya mako uku kafin kowa, ya san an yi juyin mulki kafin rundunar da ke bakin iyaka ta sani. Cikin shekara goma na labari shi ne zai mallaki lardin. Idan kuna so labarinku ya koma kan yaƙin mallakar na'urar, to wannan labari ne mai kyau, amma wani labari ne daban, ba na fatake da 'yan aike ba.

Malama_Tarihi:
Ina so in koma kan hakimin Rijiyar Baƙo, domin a ganina a nan gyaran yake, ba a na'ura ba. Daulolin da suka yi mulki kafin zuwan wayar tangaraho ba su zauna suna kuka da nisa ba, sun gina hanyoyin da za su rage illarsa. A masarautar Kano kafin zuwan Turawa, hakimai a cikin birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ne ke zuwa garuruwan da ke ƙarƙashinsu suna karɓo haraji suna kawo labari, sai a farkon mulkin Ingila aka tura hakimai su tare a gundumominsu. A matakin daula kuma, Sakkwato tana da tsarin ƙofa, inda kowace masarauta take da babban jami'in da take bi ta hannunsa, Waziri kuma shi ne ƙofar manyan masarautun gabas irin su Kano da Zazzau, yakan ma yi rangadi da kansa. Duk da haka nisa yana da tasiri: a 1893 da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a Kano, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu, suka ƙi, aka yi basasa, kuma abin da aka yanke a filin daga ne ya tabbata.

To me zai hana lardinku ya samu jami'in rangadi, mai kumbonsa, mai ɗauke da hatimin fada da ikon yanke hukunci nan take, wanda ke zagaya duniyoyi a kan jadawalin da kowa ya sani? Da akwai shi, da su Malam Bashir ba su jira takarda ba, da sun yi lissafin inda zai kasance mako mai zuwa sun yi tseren riskarsa, hakimin kuma yana ƙoƙarin riga su. Ai Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda yake son ganin irin wasiƙun da ake aikawa tsakanin fadoji a wancan zamani, ya leƙa Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, zai samu abin da zai gina salon takardun Gamzaki a kai.

Bashir_UnguwarRimi:
Malama, wannan tseren da kika kwatanta shi ne irin zaman da nake so a yi. Idan haka za a tsara, zan iya haƙura da na'urar, ko da yake abokina na biyu ra'ayinsa ya fi nawa tsauri.

Abba_Kakuri:
Akwai abin da ba a taɓa ba har yanzu, wato man kumbo. A ƙa'idar da kuke bi, kumbo yana shan haidurojin mai yawa a kowane tsalle, kuma wanda ba ya son saye a tasha yana iya ɗiba kyauta daga manyan duniyoyin iskar gas irin Jupiter. Wannan yana nufin taswirarka tana da hanyoyi ko da ba ka zana su ba, domin ƙaramin kumbon 'yan kasuwa mai tsallen fasek ɗaya ba zai iya barin jerin taurarin da ke maƙwabtaka da juna ba. Ina so in san faɗin Giɓin Maraya, domin shi zai nuna ko Zangon Ƙarshe tana cikin lardin da gaske ko a takarda kawai.

MaiJanLabari_Kawo:
Fasek uku ne a inda ya fi ƙunci, Malam Abba. Kumbon 'yan aike na gwamnati ne kawai da manyan jiragen yaƙi ke tsallake shi kai tsaye. 'Yan kasuwa sai sun kewaya ta Rijiyar Baƙo, wadda ita kaɗai ce ke da duniyar iskar gas a wannan ɓangaren, shi ya sa hakiminta yake jin zai iya yin abin da ya ga dama.

Abba_Kakuri:
To ashe ka riga ka gina rikicin da kanka. Gwamnati tana samun labari a mako uku, ɗan kasuwa kuma da ke kewayawa yana tsayawa saye da sayarwa a kowace tasha zai iya cin wata biyu ko fiye. Wannan tazarar ita kanta haja ce, kuma za a samu ma'aikacin kumbon 'yan aike da ke sayar da labarin farashi a ɓoye. Kaduna ma ai hanya ce ta yi ta: layin dogo ya kai Kano a 1911, ya ratsa kogin nan, sannan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Ya kamata Rijiyar Baƙo ta fi Gamzaki hada-hada, ko da ba ita ce fada ba.

Zainab_Kinkinau:
Ni har yanzu ban gamsu cewa an amsa wa Yaya Hafsat ba. Duk shawarwarin nan suna ƙara wa mai jan labari aiki: sai ya riƙe kalanda, ya san ranar da kowane labari ya isa kowace duniya, ya tuna wa ya sani wa bai sani ba. Na taɓa zama a teburin da aka gwada haka, kuma bayan 'yan makonni lissafin ya cakuɗe har mai jan labarin ya riƙa sa mutanen duniya mai nisa suna maganar abin da bai kamata ya iso musu ba tukuna. Idan ba za a iya riƙe ƙa'ida da gaskiya ba, gara a sauƙaƙa ta tun farko.

Malama_Tarihi:
Gaskiya ne aiki ne, Malama Zainab, amma ba kowane labari za a bi ba. Manyan al'amura uku ko huɗu sun isa, a rubuta ranar faruwarsu da wurin, a ƙirga tsalle. Ribar kuma tana da yawa. A ranar 24 ga Disamba 1814 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu tsakanin Amurka da Ingila a birnin Ghent, amma a ranar 8 ga Janairu 1815 aka gwabza yaƙin New Orleans, domin labarin bai ƙetare teku ba. Ku ɗauka 'yan wasanku ne ke ɗauke da takardar sulhu irin wannan, man kumbonsu kuma ba zai kai su ba sai sun bi ta hannun hakimin da suka kai ƙara.

DattijonTudunWada:
Abin da zan ƙara shi ne a tuna da jita-jita. Inda takarda ke jinkiri, baki ne ke cike gurbi, kuma duk zangon da ayari ya sauka labari yana ƙara kitse. Ya kamata abin da ake faɗa a tashar Rijiyar Baƙo ya bambanta da abin da ke cikin takardar fada, 'yan wasa su rasa wanne za su kama.

Hafsat_Malali:
Ina nan a kan bakana cewa ra'ayin waɗanda ke zaune a teburin shi ne gaba da namu duka. Malam, ka gwada jami'in rangadin na zama uku ko huɗu, amma ka tambayi mutumin na biyu kai tsaye abin da yake nema, domin wataƙila ba amsar fada yake so ba, so yake jaruminsa ya riƙa jin muryar iyalinsa da ke Gamzaki, kuma wannan buƙata ce da jami'in rangadi ba zai biya ba.

MaiJanLabari_Kawo:
Zan tambaye shi ranar Asabar in Allah ya kai mu, kuma zan zo da jadawalin rangadin a rubuce. Malam Falaki, ina so in mayar da Zangon Ƙarshe duniyar almurun da ka kwatanta, amma a taswira na riga na ba ta mazauna miliyan biyu. Siririn yankin nan zai iya ɗaukar wannan adadi, ko in rage su?

Malam_Falaki:
Zai ɗauka idan duniyar ta kai girman tamu, domin kewayenta zai kai kilomita 40,000, ko da faɗin yankin bai wuce kilomita ɗari ba fili ne mai yawa. Matsalarka ita ce iska mai ƙarfi da za ta riƙa kaɗawa tsakanin gefen sanyi da gefen zafi, da kuma tartsatsin wuta da jajayen taurari kan yi ba zato. Ka turo mini girman tauraron da nisan duniyar daga gare shi, in yi maka lissafin tsawon shekararsu kafin Asabar.